Shekarar Da Tabarmar Muzdalifa Ta Biyo Jirgin Ƙasa

Faisal, ɗan ƙanena, shi ya jawo wannan maganar. Ranar nan yana zaune a shagona da ke Aziziyya tare da abokansa biyu, ɗalibai daga Katsina da ke karatu a nan Makka, sai ya miƙo mini waya ya nuna mini taswira. An ja jan layi daga Dammam, a bakin tekun gabas, har zuwa Jidda a bakin Bahar Maliya.

Ya ce, "Ya ammi," wato baffa da Larabci, "in aka gama wannan layin dogon, halas, aikinka ya ƙare. Daga teku zuwa teku. Mutum ya danna waya, jirgin ruwa ya sauke, jirgin ƙasa ya kawo. To me dila zai yi?"

Na ce, "Zai zauna ya sha shayi, kamar yadda kake sha yanzu a shagon dila."

Suka yi dariya, aka wuce wurin. Amma ban ba su amsa ta gaskiya ba, don ana kiran sallah a lokacin. Ga ta nan, su da duk mai ganin sana'ar nan danna waya ce.

Ni kayan kwana goma nake sayarwa. Tabarmar roba mai naɗewa wadda alhaji ke shimfiɗawa a Muzdalifa, da lema, da silifa, da bel na ɗaure harami, da 'yar jakar zuba tsakuwar jifa. Daga tsayuwar watan Zulhajji zuwa ranar da aka fita Mina, ko nawa ka kawo za su ƙare. Washegarin Arfa kuwa, ko kyauta ka miƙa wa mutum sai ya tambaye ka me zai yi da su. Mai dabino da mai turare suna da shekara guda cur ta gyara kuskurensu. Mu namu kayan kamar ƙanƙara ne a hannun mai talla.

Aikin farko da maigidana ya ba ni, ina ɗan shekara goma sha shida, shanya tabarma ne. Alhaji Mamman sunansa, Basakkwace, shagonsa na Misfala tun kafin a rushe wajen a gina otal-otal. Wani Bayamale ya kawo masa samfurin tabarma iri uku, sai ya ce in hau da su saman gida in shimfiɗa tun hantsi, kada in sauko da su sai la'asar. Na ɗauka gwada ni yake. Da na sauko da su ya ce in naɗe kowace sau goma in warware. Ta farko ta tsage a wurin naɗi. Ta biyu ta bar mini kore a tafin hannu. Ta uku ba ta yi komai ba.

Ya ce, "Mi ka gani?"

Na ce, "Ta ukun ta fi."

Ya ce, "Ita ta fi tsada kuma. To mi za mu yi?"

Kafin in buɗe baki ya ba kansa amsa.

Ya ce, "Ita za mu saye. Alhaji in ya tafi gida ba shi dawowa, ko ta tsage ba shi ganinka. Amma matar da ta sayar mai tana nan baɗi, kuma ta san ƙofar shagonka."

Shekara goma sha ɗaya na yi a hannunsa kafin ya sallame ni da kwali ashirin na lema da addu'a. Har yau kayan aikina irin nasa ne, ba su cika aljihun tebur ɗaya ba. Akwai tef na awo, da ƙaramin sikeli, da ashana. Sikelin na tabarma ne, domin masana'anta takan aiko maka da samfuri mai kauri, in ka yi oda ta rage masa nama kaɗan, ido ba ya gani amma sikeli na gani. Ashana ta bel ce, kana ƙona bakinsa ka san ko zai narke a ƙugun mutum cikin ranar Arfa. Lema kuwa ba ta da wani gwaji sai ka buɗe ka rufe sau hamsin. Silifa in ta zo nakan watsa ruwa a tayil in sa ta in yi tafiya, domin wurin alwala ne ke kayar da tsofaffi, ba Jamra ba. Abu ɗaya ne ba ya shiga aljihun tebur, babban almakashin ƙarfe na datse hatimin kwantena. Yana bayan ƙofa.

Sai kalanda biyu a bango, ta Hijira da ta Miladiyya. Wanda bai iya karanta su tare ba ya nemi wata sana'ar. Hajji kullum matsowa yake da kwana goma sha ɗaya a kalandar da kamfanonin jiragen ruwa ke aiki da ita. Masana'antun China kuma suna da nasu bikin sabuwar shekara, su rufe ƙofa kowa ya tafi ƙauyensu, kuma shi ma bikin ba ya zama wuri ɗaya. Dole ka san shekarar da hutunsu zai faɗo daidai lokacin da ya kamata a ɗinka kayanka. Na san wani mutum, mai kuɗi ne ma ya fi ni, ya yi oda a ranar da ya yi bara bisa kalandar Miladiyya, bai rage komai ba. Kwantenarsa ta iso ana jifan ƙarshe. Yanzu kayan gini yake sayarwa.

Ni ba na sayar wa alhaji hannu da hannu. Masu saye a wurina mata ne, yawancinsu 'yan unguwarmu, jikokin waɗanda suka zo Hajji a ƙasa suka zauna. Su ne za ka gani da basɗa, wato shimfiɗar kaya, a ƙofar gidajen alhazai a Aziziyya, suna ciniki da Hausa da Larabci da ɗan abin da suka tsinta na Turkanci. Abin da mace ta samu a kwana goman nan shi ke riƙe gidanta watanni. Wata mijinta ya rasu, wata yana kwance, wata yana nan amma gara babu. Babbarsu Yaya Asabe. Ta girme ni da shekara bakwai, katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da namu muna yara, kuma har yau tana cewa ta goya ni, ni dai ban tuna ba. Duk Makka Abu Maryam ake kirana. Ita kaɗai ke ce mini Sale.

Shekarar da jiragen ruwa suka ƙaurace wa ƙofar kudu ta Bahar Maliya saboda rikicin da ake yi a can, kayana suna ɗaure a masana'anta, babbar kwantena guda, suna jiran jirgi. Jiragen da ke zuwa Jidda suka koma zagaye Afirka gaba ɗaya su shigo ta arewa. Na tsaya gaban kalandun nan biyu na ƙirga, na sake ƙirgawa. Ko ta yaya na juya, kayan ba za su sauka ba sai alhazai sun fara haɗa akwati.

Manyan 'yan sari na Jidda suna da ragowar kayan bara a ajiye, nan da nan suka ɗaga farashi. Yaya Asabe ta zo shago da kanta, ta ƙi zama.

Ta ce, "Sale, mutanen Jidda suna da tabarma. Ta sha ajiya, ta yi tsada, amma tana nan a ƙasa ana ganinta. Mu saya ko mu jira ka?"

Na ce, "Ku jira ni."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata, Yaya."

"Gida talatin da huɗu ne fa. Ba ni kaɗai ba ce."

Na ce, "Na san adadinsu."

Ta tafi ta gaya musu, suka jira. Cikin mako uku wasu suka kwashe kayan Jidda tas, ko tsinke bai rage ba. Daga ranar babu wata tabarma da matan nan za su samu a ƙasar nan sai tawa.

Abin da ya sa na yi wannan ƙarfin halin shi ne, mai fitar mini da kaya daga kwastan ya kawo mini wata hanya. Jirgin da zai je Dammam ba ruwansa da Bahar Maliya. A can za a ɗora kwantena a jirgin ƙasa zuwa tashar tsandauri ta Riyad, a yi kwastan a nan, sannan tirela ta ɗauko ta zuwa yamma. Shekara arba'in ina sana'a ban taɓa karɓar ko allura ta gabas ba. Mu Jidda muka sani, ubanmu ma Jidda ya sani. Na ce a ɗora.

Na tafi Riyad da kaina na jira ta. Ranar da na fara shiga tashar na tarar da jirgin yana shigowa, kwantenoni wasu a kan wasu, na tsaya ina neman ƙarshensa ban gani ba. Babu teku, babu ƙamshin gishiri, sai rairayi da ƙarfe, amma ga kayan China ana saukewa. Kakana ya faɗo mini a rai. Shi a Kano ya hau jirgin ƙasa zai zo Hajji, dogon ya ƙare masa a Nguru. Daga nan ƙafa ce da jaki da ƙwadago a gonakin mutane, shekara bakwai, kafin ya sake ganin wani dogon a Sudan wanda ya kai shi bakin teku. Yakan ce mana, "Da an haɗa dogon nan biyu, da ubanku ba a hanya aka haife shi ba." Wahalar tafiya ba a kan ƙarfen take ba, tana tsakanin inda wannan ya ƙare da inda wancan ya fara.

Jirgin ƙasa dai ya cika alkawari, kwana ɗaya ya kawo ta. Amma dabarar da na yi, duk wani ɗan kasuwa a ƙasar ya yi ta. Tashar ta cika maƙil. Kwana tara kwantenata na ciki ina ganin lambarta ta bayan waya. Ranar da ta fito, saura kwana biyu a hana manyan motoci shiga Makka, kamar yadda ake yi duk shekara in Hajji ya matso. Kuma tirela ta zama zinariya.

Na bi ofisoshin masu motoci ɗaya bayan ɗaya. Duk inda na ce Makka sai a girgiza kai, ba mai son motarsa ta maƙale a shingen bincike a irin wannan lokacin. A ofis na shida na koyi darasi, ko in ce na ɗauka na koya. Takarduna duka adireshin Jidda ne a kansu, na mai fitar mini da kaya. Magatakardan ya duba ya ce, "Jidda?" Na ce, "Wajen can dai. Zan tura wa direba inda zai sauke." Ya ce akwai mota ɗaya da za ta tashi da yamma. Na sa hannu.

Lissafina a fili yake. Hanyar Riyad zuwa Jidda ta gefen Makka take bi. In direba ya iso sai in ba shi na shayi ya karkato ya sauke a mustaudana, wato ɗakin ajiyata, ya wuce abinsa. Haka muke yi da direbobin Jidda tun ina yaro. Duk na san su, na san 'ya'yansu, muna sallah sahu ɗaya in sun kawo kaya. A shekara arba'in ba a taɓa turo mini direban da sai na tambayi ko wane ne ba, don duk wanda ke bin hanyar Jidda zuwa Makka an riga an tace shi. Ban ga direban nan ba, ban tambayi sunansa ba. Na karɓi lambarsa, na tura masa alamar wurin a waya, na hau jirgin sama na dawo gida ina share mustauda.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Larabcinsa irin na direbobi ne, amma ba abin da ban gane ba.

Ya ce, "Mudir," wato maigida, "na tsaya."

Na ce, "Lafiya? Taya ce?"

Ya ce, "Mota lafiya. Yanzu na buɗe wurin da ka turo. Cikin Makka yake."

Na ce, "I, Aziziyya. Ka shigo kawai, ba zan bar ka haka ba."

Ya ce, "Mudir, sunana Tomas. Ni Kirista ne. Takardata Jidda ta ce."

Mutumin Indiya ne, shekara goma sha biyar yana tuƙi a ƙasar nan, ya san doka sarai. Ya sauko daga Sailul Kabir, garin da ke kan hanyar Riyad kafin Makka, ya tsaya a wani gidan mai kafin inda hanyar waɗanda ba Musulmi ba ke rabuwa da tamu. Laifi ba nasa ba ne, ba kuma na ofishinsu ba. Ni na ce Jidda.

Na tambaye shi ko in turo wani direban ya ja motar ya shigo da ita. Ya ce takardun motar da sunansa suke, ba mai taɓa sitiyarin. In kuma ya wuce Jidda ya sauke a can, sai na nemi wata tirelar, a Jidda, ana gobe da yamma za a rufe hanya. Wannan ko a mafarki babu. Na roƙe shi ya jira.

Ya ce, "Har la'asar. Ofis suna ganin motar a na'ura. Bayan la'asar dole in tafi."

Na fara kiran masu dayna, ƙananan motocin ɗaukar kaya da muke haya a cikin gari. Mutum goma sha ɗaya na kira. Wannan yana kai ƙanƙara Mina, wancan yana kai katifu, wani ruwa yake ja zuwa Arfa. Ɗaya ya ce mini, "Abu Maryam, yau ko gawar ubana ce sai ta jira." Da na ga rana na ƙara ɗagawa na rufe shago na tafi gidan Yaya Asabe. Na same ta a tsakar gida ta shimfiɗa ledojin basɗa tana gogewa, ba abin da za a ɗora a kai.

Ta ce, "Kayan suna ina?"

Na ce, "Ƙasan Sail, a gidan mai."

"Hatsari aka yi?"

"A'a."

"Kwastan?"

"A'a. Direban ne ba zai iya shigowa ba."

"Ba shi da tasrihi, takardar izinin shigowa?"

"Ba Musulmi ba ne."

Ta ajiye tsumman ta dube ni. Ta ce, "Shekara arba'in kana kawo kaya garin nan, ba ka tambayi sunan direba ba?"

Na ce, "Ban tambaya ba."

"Ko akuya za a aiko maka, Sale, ai ka tambayi wa zai jawo ta."

Na ce, "Yaya, in an gama ki zaunar da ni ki zage ni son ranki. Yanzu mota nake nema."

Ta ce, "Wa ya ce zaginka nake? Ai ban fara ba. Miƙo mini wayar can."

Matan suna da zaurensu a waya inda suke aika wa juna murya. Ta danna ta ce, "Salamu alaikum ya jama'a. Kayanmu sun iso, suna Sail, Sale ya ajiye mana su a can don mu sha iska. Duk mai miji ko ɗa ko suruki mai mota, ta tashe shi yanzu. Ko wace irin mota ce. Wanda ya ce yana da aiki ku ce masa Asabe ce ta aiko." Ta ajiye wayar ta ce, "Ɗauko almakashinka. Da ni za a tafi."

Kafin mu isa gidan man motoci uku sun riga mu. Kafin a idar da azahar sun kai goma sha bakwai. Akwai wanet, wato a-kori-kura, guda biyar. Akwai motar ɗaukar 'yan makaranta ta wani suruki, tun da an yi hutu. Akwai motar gidan burodi, da wata tsohuwar babbar mota ƙirar jims da sai an tura take tashi, sauran kuma ƙananan motocin gida ne. Dukansu mazauna Makka ne, takardunsu da na motocinsu na Makka, shinge ba zai tare su ba. Na ɗauki hoton takardar kwastan na tura wa kowane direba, in an tambaye shi ya nuna.

Na datse hatimin, muka buɗe ƙofa, zafi ya buso kamar an buɗe tanderu. Lema ce a baki, sai silifa da bel, tabarma kuwa tana can ƙurya, don ita aka fara lodawa. Ba yadda za a yi a kai gare ta sai an fitar da komai. Da ma niyyata in kai kaya mustauda in jera, kowace ta zo ta ɗauki nata a tsanake. Wannan ya wuce. Yaya Asabe ta fasa kwali ɗaya ta zare sabuwar lema ta buɗe, ta zauna a kan wani kwalin, ta fara kiran sunaye da ka. Ta san abin da kowace ta ce tana so, ta san wadda ƙofar gidan alhazanta 'yan Nijar ne masu son tabarma mai faɗi, da wadda nata tsofaffi ne masu neman silifa. In ta kira suna sai a loda wa motar gidan, in gidan ba su da mota a haɗa da na maƙwabta.

Tomas ba aikinsa ba ne sauke kaya. Ya tsaya a inuwar motarsa yana kallonmu kamar minti goma, sai ya cire rigarsa ta sama ya ɗaura tawul a ka ya hau cikin kwantenar. Shi ya nuna mana mu tsaya a layi muna miƙa wa juna, maimakon kowa ya shiga ya fito muna karo. Wani surukin Yaya Asabe, malamin makaranta ne mai tumbi, yana miƙa kwali yana haki ya ce, "Ammu, baɗi ma nan za mu zo karɓa? Wallahi wurin ya fi mustaudanka iska."

Yaya Asabe ta ce, "Kai dai miƙa. Tumbin nan ma Allah ne ya kawo masa magani."

Aka kira la'asar saura kashi ɗaya cikin uku, kuma duk tabarma ce, ga motocin da suka yi sawun farko ba su dawo ba. Na dubi Tomas. Ya sauko ya zagaya motarsa yana dafa tayoyi, sannan ya kira ofis ya ce musu tayoyi sun yi zafi, sai sun huce zai tashi. Kuma gaskiya sun yi zafin, na taɓa da hannuna. Muka yi sallah a gefen famfo shi yana gadin kaya. Motoci suka dawo, aka ci gaba. Rana na gab da faɗuwa aka fitar da ɗaurin ƙarshe, na shiga na share masa kwantenar da kaina.

Na miƙa masa abin da na yi niyya, ya karɓi rabi ya mayar mini da rabi, ya ce a ba shi lema guda, don ta motarsa ta karye. Yaya Asabe ta rufe wadda ke hannunta ta ba shi. Ta ce in gaya masa ta gode, kuma ya fi wasu masu sallah amfani. Na fassara masa rabin farko. Ya hau ya bi hanyarsa ta hagu, mu muka bi tamu.

Ba a rasa ɓarna ba. Kwalaye huɗu na lema sun lotse a ƙarƙashin kujerun motar makaranta. Jims ɗin nan ta mutu a unguwar Shara'i sai da aka ja ta. Tabarmin da suka shiga motar gidan burodi kuwa har aka sayar da su suna ƙamshin burodin tamis, matar da ta same su ta ce nata ne suka fara ƙarewa. Amma washegari da hantsi na bi titin Aziziyya a ƙasa daga wannan kai zuwa wancan, basɗa talatin da huɗu duk a shimfiɗe, alhazai sun yi dafifi a kansu, don a shekarar ba kowa ke da tabarma ba. Da yamma aka rufe hanya ga manyan motoci. Ranar da aka fita Mina ba wadda ta rage da ko jakar tsakuwa.

To Faisal, ga abin da na sani game da dogonka. Tun daga shekarar na raba kayana biyu, rabi ta Jidda, rabi ta Dammam, ko da teku lafiya lau. Ba ni kaɗai ba. Manyan Jidda da a da su ke yanka mana farashi mu ce to, yanzu sun san muna da wata ƙofar, har wasunsu sun buɗe ofis a Riyad. In aka kai dogon har Jidda, masu tirelar doguwar hanya za su ji a jikinsu, su da masu gidajen abinci da masu faci da ke ci a hanyar Ɗa'if. 'Yan kasuwar Sudan da ke zuwa sari Jidda su tsallaka da shi za su samu kayan gabas kusa da su, ƙila har na mutanenmu da ke wucewa Chadi ya yi sauƙi. Ni ina so a yi shi, kuma in Allah ya kai ni zan yi amfani da shi tun ranar farko. Amma jirgin ƙasa bai san wata ya tsaya ba. Ba zai shanya tabarma a rana ba, ba zai gaya maka ranar da za a rufe hanya ba, kuma in ya sauke kwantena a tasha, mutum ne zai tuƙo ta zuwa ƙofarka. Wayarka ba ta tambayar wane ne mutumin sai in kai ka tambaya.

Bayan Muharram na shekarar, lokacin da ake fara maganar odar baɗi, Yaya Asabe ta zo shago. Wannan karon ta zauna, har ta karɓi shayi. Na riga na shirya abin da zan faɗa.

Na ce, "Yaya, bana ku sayi kashi ɗaya cikin uku a wurin wani. Kada ku sake rataya gida talatin da huɗu a bakin mutum ɗaya, ko da ni ne."

Ta ce, "Ka gama?"

Na ce, "Na gama."

Ta ce, "Mun riga mun zauna. Kai za ka kawo duka. Wanda ya taɓa faɗawa rijiya ya fi kowa sanin bakinta."

Na ce, "To na gode."

Ta ce, "Ban gama ba. Ranar da za a ɗora kaya a mota, ko daga ina ne, ka turo mini lambar direban."

Haka ake yi har yau. Bara daga Riyad motar ta taso. Na tura mata lambar tun da safe na zauna ina jira, kwantena a ɗaure, direba a kan kujera. Ta kira shi ta tambayi sunansa, ya ce Abdulƙadir. Ta tambayi sunan mahaifinsa da garinsu, ta tambaye shi ko ya taɓa shigowa Makka da mota da kuma ta wace hanya, ta ce ya gaida mutanen gida. Sannan ta bugo mini.

Ta ce, "Sale, ka ce masa ya taso."